Daga Tsaunin Mambila zuwa Kura

Baba,

Ya aikin rani? Allah ya sa alkama ta yi kyau.

Yaya ya isar mini da tambayarku, cewa wane irin karatu ne mutum zai kama ɓera da ransa ya kuma sake shi. Ga yadda abin yake.

A nan dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa a Jihar Taraba, gafiya muke bi. Da yamma mukan ɗana tarkon waya mai ƙofa, mu sa gyaɗa a ciki. Da asuba sai mu zaga, domin sanyin tsaunin nan na iya kashe dabbar da ta daɗe a kulle. Mu auna nauyinta, mu duba mace ce ko namiji, mu yi mata shaida, mu sake ta a inda aka kama ta. In muka dawo muka tarar masu shaida kaɗan ne cikin sabon kamu, to suna da yawa ke nan. Gafiyar nan tana binne 'ya'yan itatuwa, wanda ta manta shi ke tsirowa, don haka dajin na buƙatarta.

Amma gonarmu nake ta tunawa. Tun da aka gama Dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya zo Kura da Bunkure, ɓeran gona bai san yunwar rani ba. Shinkafa ta tashi, alkama da tumatir su shigo, ga ciyawar bakin kwata ta ɓuya. Mu kuwa sai ɓarna ta bayyana muke zuba guba, kaji da mujiya su ci su mutu, alhali mujiya ɓera take cinyewa. Da muna ƙirga su kamar nan, da mun san watan da suke hayayyafa mun riga su. Kafin in dawo, don Allah ku yi wa maƙwabta magana a nome bakin kwata lokaci guda, gona ɗaya ba ta isa.

Sannan yara su daina ɗaukar ɓera da hannu. Wani irinsa, mai yawan nonuwa, shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashi. Mu nan ba ma taɓa ko ɗaya sai da safar hannu. A riƙa rufe hatsi.

A gaida Inna da su Goggo. Ina neman addu'arku.

Ɗanku.