Garwashi a murfin kwano

A Damagaram Takaya, idan watan Janairu ya kama, iskar hunturu takan taso tun kafin kiran assalatu, ta busar da dangar kara da jinkar ɗaki da harawar da aka jibge bisa rumfa. A irin wannan safiya ce matar wani malamin lakol ta tarar ashanarta ta ƙare. Sai ta yi abin da iyaye mata suke yi tun kaka da kakanni, ta miƙa wa ɗiyarta mai shekara 7 murfin kwano, ta ce ta je gidan maƙwabta ta ɗebo wuta.

Yarinya ta samo garwashinta, ta juyo za ta fita ta zaure. A cikin zauren kuwa ɗan mai gidan yana durƙushe da mazurari, yana ɗura fetur daga jarka zuwa kwalabe, domin ya riga abokan sana'arsa isa bakin hanya. Garwashin bai taɓa jarkar ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta ƙasa ya bi daɓe kamar ruwa ba tare da ido ya gan shi ba, kuma shi ne ya tarbi tartsatsin da iska ta hura daga murfin kwanon. Kafin ƙiftawar ido zauren ya kama. Saurayin ya tsira da ƙuna a ƙafafu. Yarinyar kuwa zanen leda ne a jikinta, ta fita da gudu tana ihu, gudun yana ƙara wa wutar ƙarfi, har wata tsohuwa ta kayar da ita ta lulluɓe ta da bargo. Maza suka kashe sauran wutar da rairayi.

Lokacin da malamin ya iso daga masallaci ya tarar mata sun kewaye ɗiyarsa, wata ta fasa ƙwai, wata ta kawo man goge haƙora, wata tana neman tawadar allo. Dukkansu da kyakkyawar niyya suka zo, amma waɗannan abubuwa suna tsare zafi cikin nama, suna kuma kai ƙazanta cikin rauni. Ya tuna abin da aka taɓa koya musu a wani horo na malamai, cewa maganin farko na ƙuna shi ne ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a yi ta kwararawa har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin jiki ya kumbura. Kada a ɓamɓare tufar da ta manne da fata. Sa'an nan a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi likita. Randa biyu ce a gidan, ya ƙarar da su duka a kan hannun yarinyar da ƙirjinta.

Gidan likitan garin ya tura su babban asibitin Zindar, tafiyar kusan kilomita 70. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma ɗiyarsa ta wuce wannan iyaka da shekara biyu. Ya sayar da ragunan da yake kiwo domin Layya, ya ci bashi wajen abokan aiki. Mako shida suka yi. A ƙarshe lokotoro ya gaya masa rai ya tsira, sai dai yatsu uku na hannun dama sun ƙanƙance, kuma sai an daɗe ana motsa su, watakila ma sai an yi aiki, kafin su sake riƙe alƙalami.

A dararen jinya, yana zaune bisa tabarma a barandar asibiti, abin da ya fi cin ransa shi ne ya san warin fetur ɗin nan shekara biyu cur. Kullum ya shiga zauren gaida maƙwabcinsa sai ya ji shi, ya kuma ga jarkokin jere a bayan ƙofa. Bai taɓa cewa uffan ba, domin dattijon sa'an mahaifinsa ne, kuma shi ne mai ranta masa hatsi idan albashi ya yi jinkiri. Kunya ta rufe masa baki.

Da rana idan ya fita sayen magani yakan ga irin kwalaben nan na ruwa-ruwa bisa tebura, daga Zango har Sabon Gari. An buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Zindar tun watan Nuwamba 2011, Najeriya kuma ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023, amma kwalaben ba su ɓace daga bakin hanya ba, domin dubban samari da su suke ci. Abin da mai wucewa ba ya gani shi ne inda man yake kwana, wato cikin zaure da ɗakin ajiya, bango ɗaya da madafa. A tsohuwar unguwar Birni, inda lunguna da yawa ba su ɗaukar mota, ko an kira lamba 18 ta ƴan kwana-kwana, sai su tsaya daga nesa su ja tiyo, a garin da ya daɗe da sanin ƙarancin ruwa.

Ya riƙa tuna labaran da ya ji a rediyo ya yi salati ya wuce. A daren 6 ga Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru kwasa, ta fashe, fiye da mutum 50 suka rasu. A ranar 15 ga Oktoba 2024 irin haka ta faru a Majiya ta jihar Jigawa, inda aka rasa fiye da 150. Waɗanda suka fi tsaya masa a rai su ne na lakol, domin shi ma a ajin zana yake koyarwa: ranar 13 ga Afrilu 2021 yara wajen 20 suka ƙone a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara kuma fiye da 20 a Maraɗi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen dubu 180 kowace shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta. Kowane lokaci akan ce ƙaddara ce, a yi addu'a, a koma yadda ake.

Kalmar nan ce mahaifiyarsa ta zo masa da ita ranar da ta ji yana tara takardun kuɗin magani.

"Kai ɗan nan, me kake nufi da takardun nan? Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Kada in ji ka kai maƙwabcinka gaban hukuma, ka ja mana abin faɗi."

"Inna, ban musa ƙaddara ba," in ji shi. "Amma jarkokin suna nan inda suke, kuma akwai wasu yara a unguwar."

Maganar ta dame shi har ya kai ta gaban wani malamin zaure a Birni, wanda ya taɓa karatu wajensa yana saurayi. Malamin ya ce masa imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci lamuni ba. Ya buɗe masa Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya nuna masa inda aka ɗora biyan ɓarna bisa wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi. Ya kuma tuna masa cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai ya hori mutane da su riƙa kashe wuta kafin su kwanta. Ya ƙara da cewa yafiya alheri ce, amma haƙƙin na yarinya ne, kuma uba amana aka ba shi.

Abin da ya rage shi ne sanin hanya, wannan kuwa wani tsohon magatakardan kotu mai ritaya, da yake jinyar matarsa a ɗaki na gaba, ya warware masa. Ya ce dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a ayoyinta na 1382 da 1383, ta wajabta wa duk wanda ya jawo wa wani cuta, ko da gangan ko da sakaci, ya biya diyya. Aya ta 1384 kuma ta ɗora wa mutum alhakin abin da yake ƙarƙashin tsaronsa da na waɗanda yake da iko a kansu. Ƙofofi uku ne a buɗe. Ta farko sulhu gaban sarakunan gargajiya, waɗanda doka ta ba ikon sasanta mutane a al'amuran farar hula, da sharaɗin a rubuta abin da aka shirya a sa hannu. Ta biyu kai kuka ga jandarmomi ko ƴan sanda ko mai gabatar da ƙara, domin raunata mutum bisa sakaci laifi ne a dokar hukunta laifuka, kuma wanda aka cuta yana iya shiga cikin shari'ar ya nemi diyyarsa a zama ɗaya. Ta uku shigar da ƙarar neman diyya kai tsaye a kotu. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin agaza wa marasa hali a gaban shari'a. Idan a wurin aiki mutum ya ƙone, wajibi ne mai aikin ya sanar da asusun CNSS. Idan kuwa mota ce sanadi, sai a nemi kamfanin inshorarta.

"Amma Mushe," in ji tsohon, "kowace ƙofa ka bi, takarda za a tambaye ka. Ka karɓi takardar shaidar likita wadda ta faɗi girman raunin da kwanakin jinya, ka adana kowane rasit ko na dala biyar ne, ka ɗauki hoto, ka san shaidunka tun ba su manta ba. Na ga masu gaskiya da yawa sun fita kotu hannu rabbana saboda sun zo da hawaye kawai. Ka kuma sani alƙali zai tambayi wanda ya aiki yarinya da garwashi."

Wannan magana ta ƙarshe ta yi masa nauyi, domin gaskiya ce. Da suka koma gida sai ya zaɓi ƙofar farko. Aka taru a fada, da liman da mai unguwa da tsohuwar da ta kawo bargo. Dattijon ya dube shi da idanu jajaye.

"Haba Mushe, ɗiyarka ai jikata ce. Me ya kai mu ga takarda?"

"Baba Alhaji, don jikarka ce na zo nan ban wuce wajen jandarmomi ba. Ni ma ina da nawa laifin, na ji wari na yi shiru, gidana kuma ya aiki yarinya da wuta. Rabin kuɗin magani nake nema, da na aikin da za a yi mata nan gaba. Abu na biyu ya fi na farko, kada mai ya sake kwana cikin unguwa."

Aka daɗe ana kai da komowa. Wasu suka ce malamin lakol ya kawo halin nasara cikin zumunci. Liman ya ce wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta shi ake cewa ya shafa wa nasa ruwa, to ga shi gemun ya riga ya kama. A ƙarshe aka rubuta, aka karanta da Faransanci da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, aka ba kowane ɓangare kwafinsa. Dattijon ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Amma jarkokin sun koma wata rumfar kwano a bayan gari, nesa da gidaje, da tarin rairayi a gefenta, wasu masu sana'ar biyu kuma suka bi sahu ba tare da an kira su fada ba, domin sun ga cewa sakaci yana da farashi.

A gidan malamin ba a sake aiken yaro ɗiban wuta ba. Kaskon jin ɗumi ana fitar da shi waje kafin barci, saboda gobara da kuma iskar gawayi mai kashe mutum shiru a rufaffen ɗaki. An ɗauke harawa daga kusa da murhu. Tukunyar gas da matar ta saya daga baya a waje take, kuma da kumfar sabulu ake gwada tiyonta, ba da ashana ba. Yaran gidan sun haddace cewa wutar mai, ko na girki ko fetur, ba a zuba mata ruwa, sai murfi ko rairayi; wanda tufarsa ta kama kuwa ya faɗi ƙasa ya yi birgima, kada ya gudu. A ajinsa na zana ya sa an buɗe ƙofa ta biyu, ya ajiye bokitin rairayi, kuma kowane farkon hunturu yakan sa ɗalibai su gwada fita cikin layi.

Yarinyar ta koma lakol bayan damina. Da hannun hagu take rubutu yanzu, baƙaƙenta suna karkata, amma ana karanta su. Kowace safiya uwarta takan shafa wa yatsun dama man kaɗe ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda likita ya nuna. Takardar sulhun tana cikin akwatin uban, tare da takardar haihuwarta, domin ranar da za a kira su aikin hannu. Allah ya ba ta lafiya, ya tsare gidajen jama'a daga gobara.