Filin Jirgin Saman Yola: Ƙofar Ƙasa Da Ke Buɗewa Sau Ɗaya A Shekara

Duk wanda ya dubi taswirar Nijeriya zai hangi Yola can gefen gabas, ta jingina da ƙasar Kamaru. Daga Abuja sai mutum ya wuni cur a mota kafin ya kai ta, daga Ikko kuwa sai an haɗa da kwana a hanya. Amma Garwa, watau babban birnin Lardin Arewa na Kamaru, tsakaninta da Yola bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, in an miƙe yadda tsuntsu ke tashi. To, mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin a kansa ne labarin filin jirgin saman Yola ya rataya.

Da farko ya kamata baƙo ya sani cewa abin da ake kira Yola gari biyu ne. Akwai Yola ta cikin gari, wadda Modibbo Adama ya kafa cikin 1841, inda fadar Lamiɗo take. Sa'an nan akwai Jimeta a bakin kogin Binuwai, inda ofisoshin gwamnati da babbar kasuwa da tashar mota ta Jambutu suke. Filin jirgin a Jimeta yake, a kan hanyar Numan, ko da yake a jikin tikiti Yola za ka ga an rubuta. Cikin 2023 Gwamnatin Tarayya ta raɗa masa sunan Lamiɗo Aliyu Musdafa, wanda ya yi sarautar Adamawa daga 1953 har Allah ya yi masa rasuwa cikin 2010.

DALILIN DA YA SA AKA DOGARA DA SHI

Ba a banza mutanen wannan yanki suka ɗauki filin da muhimmanci ba. A zamanin Turawa kogin Binuwai shi ne babbar hanya. Jiragen ruwa na kamfani kan hauro daga Lakwaja su tsaya Jimeta, su wuce har Garwa, su ɗauko gyaɗa da auduga da fatu. Sai dai kogin ba ya ɗaukar manyan jirage sai 'yan watannin da ya cika da damina, da rani kuwa sai rairayi ya bayyana a tsakiyarsa. Wannan sufuri ya daɗe da mutuwa. Hanyar dogo kuma ba ta taɓa zuwa Yola ba, domin layin da ya isa Maiduguri cikin 1964 ta Bauchi da Gombe ya bi. Saboda haka tun da aka ƙirƙiro Jihar Gongola cikin 1976 aka mai da Yola hedkwatarta, har aka raba ta Adamawa da Taraba cikin 1991, mai gaggawar zuwa Ikko ko Abuja ba shi da abin yi sai dai ya nufi filin jirgin sama.

Masu binsa kuwa iri-iri ne. In ka zauna a ɗakin jira za ka ga ma'aikatan gwamnati da jakunkunan takardu, da 'yan kasuwa, da malamai da ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, da kuma iyalan da ke raka mara lafiya neman magani. Fulatanci da Hausa da Turanci duk za su shiga kunnenka a lokaci guda, wani lokaci har da Faransanci.

YADDA AIKI KE GUDANA

Fasinja ba ya ganin komai sai mai duba tikiti da mai awon kaya, amma kafin jirgi ɗaya ya sauka ya tashi lafiya hukumomi da yawa ne ke sa hannu. Hukumar FAAN ce mai gida, ita ke kula da gini da titin jirgi da 'yan kwana-kwana da masu binciken kaya. Hukumar NAMA ce ke da mutanen da ke zaune a hasumiya suna magana da matuƙa ta rediyo, su ne ke ba da iznin sauka da tashi. Hukumar NiMet ke auna iska da zafi da nisan da ido ke iya gani, ta miƙa wa matuƙi. Hukumar NCAA kuwa ita ce mai sa ido a kan kowa, ta tabbatar an bi doka. Idan ɗaya daga cikinsu ta yi sanyin jiki, sauran duka sai su tsaya cik.

Galibin jiragen da ke zuwa Yola ba nan ne gidansu ba. Daga Ikko ko Abuja suke fitowa, su sauke mutane, su kwashi wasu, su juya ba tare da sun daɗe a ƙasa ba. Tafiyar Abuja awa guda ce da 'yan mintoci. To, da yake jirgi ɗaya kan yi sawu da dama a rana, in ya makara da safe a Ikko, mutumin Jimeta ne zai biya bashin da la'asar. Man jirgin ma a tanka ake kawo shi ta hanyar mota daga nesa, don haka lalacewar hanya ko tsadar mai a Kudu takan bayyana a kuɗin tikitin Yola.

Sai kuma yanayi, wanda ba ya jin umurnin kowa. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, hazo ya rufe gari har mutum ya tsaya a gadar Jimeta ya kasa ganin ɗaya gaɓar kogin. Doka ta ƙayyade nisan da matuƙi zai iya gani kafin ya sauka, in bai kai ba dole ya jira ko ya koma inda ya fito. A watan Maris da Afrilu kuwa zafin Yola kan haura digiri 40, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta tallafar fiffike kamar mai sanyi, shi ya sa wani lokaci akan rage wa jirgi kaya. Da damina sai hadari da tsawa su karɓi aiki. Don haka shawarata ga mai tafiya ita ce ya nemi jirgin farko na rana, kada kuma ya sa ranar tafiyarsa ta zama ita ce ranar ɗaurin aure ko ranar jarrabawa. Da sanyin safiya akan kama fara.

LOKACIN ALHAZAI

In kana so ka ga filin nan ya amsa sunansa na filin ƙasa da ƙasa, to ka zo lokacin jigilar alhazai. A nan ne maniyyatan Adamawa ke tashi, na Taraba ma sun daɗe suna zuwa nan su hau. Manyan jirage masu cin ɗaruruwan mutane kan sauka, jami'an shige da fice su baje teburansu suna buga hatimi a fasfo, 'yan kwastan su buɗe jakunkuna, ma'aikatan lafiya su duba katin rigakafi, jami'an Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 2006, su riƙa kiran suna. A waje kuwa masu rakiya sun cika bakin hanya, masu abinci da masu Keke Napep kowa kasuwarsa ta buɗe.

Kakannin waɗannan maniyyata a ƙasa suka yi wannan tafiya. Sukan bi ta Garwa da Marwa, su ratsa Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu ma su zauna a Sudan ba su dawo ba. Yau awoyi kaɗan ne. Amma duk da haka iyakokin ƙasa ba su rabu da mahajjaci ba, domin jirgi ba ya ratsa sararin samaniyar wata ƙasa sai da izninta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, sai da jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi kuma ya ƙaru.

Har wa yau filin ya yi wani aiki da ba za a manta ba. Sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, dubban mutane suka kwararo Yola gudun hijira, jiragen yaƙi na sojan sama, waɗanda ke da sansani a jikin filin, daga nan suka riƙa tashi. Daga 2015 kuma jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi shekaru suna kai da kawowa tsakanin Abuja da Yola da Maiduguri.

MAƘWABCIN DA BA A ZUWA GIDANSA

Da zarar alhaji na ƙarshe ya dawo, sai ƙofar ta koma ta rufe. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Yola zuwa Garwa, ko Marwa, ko Ngaundare, ko Njamena. Wanda ya nace sai ya je Garwa ta sama, sai ya fara komawa Abuja ko Ikko, ya nemi jirgin Duwala ko Yawunde, sa'an nan ya sake hawo wani zuwa arewa, watau ya yi dubban kilomita domin ya isa garin da ke bayan gidansa. Shi ya sa kowa ke bin ƙasa, ta Fufore da Gurin a haye kogin Faro, ko ta Belel, ko ta Mubi, ko kuwa a bi Binuwai cikin kwalekwale. Da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa ƙarshen 2020, mutanen nan sun ji a jikinsu ƙwarai.

Abin da ya sa wannan ke da ciwo shi ne, Garwa da Marwa da Ngaundare duk a ƙarƙashin tutar Yola suke a da, cikin ƙasar da ake kira Fombina. Lamiɗon Yola shi ke da ikon cewa wa zai shigo, wa zai fita. Bajamushen nan mai yawon duniya, Heinrich Barth, da ya iso Yola cikin Yunin 1851, kwanaki kaɗan ya yi Lamiɗo Lawal ya sallame shi ya koma Barno inda ya fito. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ce ta tsaga ƙasar, ta bar hedkwata a hannun Ingilishi, mafi yawan ƙasar kuwa a hannun Jamus. Turawan Ingila suka ci Yola da yaƙi cikin Satumban 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa ta gaji mafi yawan rabon Jamus, sa'an nan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta maido da yankin Mubi da Ganye cikin Nijeriya. Ga shi yau dangi ɗaya, harshe ɗaya, amma wannan na kashe Naira wancan na kashe Sefa, wannan na cikin ƙungiyar ECOWAS wancan na cikin ta Afirka ta Tsakiya. Ko a sama ma, NAMA ke kula da wannan gefe, hukumar ASECNA ke kula da wancan.

Gaskiya ne kamfanin jirgi ba ya tashi don zumunci, sai ya ga kujerunsa za su cika. Gaskiya ne kuma yawancin masu ƙetare iyakar nan talakawa ne, masu shanu da hatsi da atamfa, waɗanda kuɗin tikiti ya fi ƙarfinsu. Amma ba a san yawan masu bukata ba sai an gwada. Ƙasashen Afirka sun amince da buɗe wa juna samaniya tun a Yamusukuro cikin 1999, suka sake jaddada haka a Adis Ababa cikin Janairun 2018, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka sa hannu. Ba a rasa titin jirgi ba, ba a rasa jami'an da suka iya aikin ba, tun da kowace shekara suna yinsa lokacin Hajji.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama da Gwamnatin Jihar Adamawa da 'yan kasuwar Jimeta su zauna da takwarorinsu na Garwa, a gwada ko da ƙaramin jirgi ne sau biyu a mako. A kuma ƙara inganta na'urorin da ke taimakon matuƙi sauka cikin hazo, a gyara hanyoyin da suka tashi daga Jimeta zuwa bakin iyaka, domin mutumin Kamaru da ke son zuwa Abuja ko Ikko ya ga sauƙin zuwa Yola ya hau jirgi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Allah ya nuna mana ranar da za a kira jirgin Garwa a filin Lamiɗo Aliyu Musdafa, amin.