Kuɗin da aka ce su kwana 28 ba motsi

Tun da na dawo gida daga Ingila na zauna a Nassarawo, babu tambayar da ake yawan yi mini kamar ta bizar karatu. Yaro ya gama digiri a Jami'ar Modibbo Adama ko AUN, wata jami'a a can ta ba shi gurbi, sai a ɗauka magana ta ƙare. Ni kuwa nakan ce yanzu aka fara.

Ɗan yayana ne ya sa na sake bin wannan hanya a 2024. Jami'a ta aiko masa da lambar CAS, wato shaidar ta karɓe shi. Ya je Abuja gwajin tarin fuka, domin ba a yin wanda suka amince da shi a Yola. Aka biya kuɗin inshorar lafiya, wanda ya koma fam 776 a shekara daga Fabrairun 2024. Duk wannan ya zo da sauƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne shaidar kuɗi. Dole kuɗin makaranta na shekarar farko da na ci da sha na wata 9 su zauna a asusu kwana 28 a jere, kada su ragu ko da na rana ɗaya. Yayana ɗan kasuwa ne a Jimeta, kuma kowa ya san kuɗin ɗan kasuwa ba sa kwana. Wata guda cur bai saro kaya ba, yana kallon abokan ciniki suna wucewa shagon maƙwabci.

Na ce a zuba nawa, sai doka ta ce asusun ɗalibi ne ko na iyayensa ko na mai riƙonsa a hukumance. A wurinmu baffa uba ne, amma takardar ba ta san baffa ba. Dole na tura kuɗin asusun yaya, aka fara ƙirga kwanaki daga ranar.

Ga kuma naira. Bayan an sake ta a kasuwa a Yunin 2023, fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, kuma da canjin ranar da ka miƙa takardu ake lissafi. Abin da ya isa yau, gobe sai ya gaza. Shi ya sa muka ɗora ƙari a kai.

Yaro ya samu biza, alhamdulillahi. Amma shawarata ga iyaye: kafin a yi murnar gurbi, a zauna da dangi a yi lissafi, a san wa zai iya ɗaure jarinsa wata guda, a kuma guji masu ba da hayar takardar banki, don idan aka kama ta jabu, ana iya hana yaro shiga ƙasar har shekara 10.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya dawo mana da su lafiya.