Kat-kat a ƙofar gida

A Madawa akwai wani ma'aikacin gwamnati da ya daɗe yana tara kuɗi domin ya sayi kat-kat. Shi ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Buza, can cikin kwarin Majiya, kuma tun yana ɗan makaranta yake ganin motocin aikin raya ƙasar Kaita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, suna hawan duwatsun Adar kamar awaki. Tun ran nan ya ƙudurta a ransa cewa mutum bai cika mutum ba sai da irinsu.

Abin da ya mai da burin ƙuruciya larura shi ne rashin lafiyar mahaifiyarsa. Wata damina ciwo ya kayar da tsohuwa cikin dare, ya ɗauki hayar ƙaramar mota, ta kafe cikin rairayin ƙorama tun ba a hango ƙauyen ba. A amalanken shanu aka kai ta likita da asuba. Ta warke, amma shi bai warke daga kunyar daren nan ba.

Sai ga wata tsohuwar Land Cruiser mai shan isansi an sa ta kasuwa da rahusa. Kafin ya biya, ya je wajen wansa, Alhaji, ɗan kasuwar albasa wanda ya saba da lissafin hanya.

"Yaya, kuɗin sun cika," in ji shi.

Alhaji ya ce, "Na sayen sun cika. Na riƙon fa? Kullum za ka hau ta, ko kuwa Asabar da Lahadi?"

Tambayar nan ita ta hana shi barci, domin ko wanne ya zaɓa da ƙaya a ciki. Daga gidansa zuwa wurin aiki bai wuce kilomita biyu ba, rabi kuma kwalta ce, babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Irin wannan mota takan sha lita 18 zuwa 20 a kilomita 100, ƙaramar mota kuwa lita 7 ko 8, babur ɗinsa bai kai 3 ba. Cikin gari abin ya fi muni: inji bai gama ɗumi ba an kashe shi, a tashe shi da azahar, a sake kashewa. Da can mutanen bakin iyaka ba su damu da wannan ba, saboda man kwalba na Nijeriya ya fi na gidan mai araha. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan gata ta kau. Ga taya huɗu manya, ga harajin mota na shekara da ke hawa da ƙarfin inji. Kayan gyara ma hanyarsu ta ƙara nisa da aka rufe iyaka da Benin a 2023, aka koma ta Lome. Dattawan ma'aikata ba su manta da 1994 ba, shekarar da aka karya darajar sefa da rabi: motoci nawa ne suka ƙare a kan duwatsu cikin gidaje, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu?

To, a ajiye ta sai ƙarshen mako. Nan ma makaniken da ya duba masa motar ya girgiza kai. Mota ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Batir yakan mutu, rana ta tsattsaga taya, ɓeraye su ci wayoyi, ran da ake bukatarta da gaggawa ran nan za ta ƙi tashi. Kuma dukiyar shekaru ce za ta kwana biyar a rana tana jiran kwana biyu.

Amma abin da ya fi ba shi tsoro ba ya cikin lissafin lita. Asabar da Lahadi hutun ma'aikata ne, ƙauye bai san da su ba. Duk wanda ya ajiye kat-kat a ƙofar gidansa a Adar ya sani ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ce motar mai naƙuda, ita ce ta gawa, ita ce ta amarya, ita ce ta ɗauko taki. Wa zai dubi idon ƙanin mahaifinsa ran Talata ya ce masa motar ta ƙarshen mako ce? Kuma ba wanda zai zo da kuɗin mai, sai godiya da addu'a. Wannan ba laifin dangi ba ne, su ma da abin da suke da shi suka yi masa karatu. Sai dai albashi ba ya ƙaruwa da addu'a ran 20 ga wata.

Akwai kuma gaskiyar da masu sha'awar kat-kat ba su son ji. In ƙorama ta kawo ruwa daga kan dutse, direba mai hankali tsayawa yake yi a bakinta, kome ƙarfin motarsa, har ruwan ya janye. Rairayi da taɓo da tsakuwa take ci, ba ambaliya ba. A daren tsohuwa za ta yi amfani, domin rairayi ne ya riƙe su. A wani daren kuwa ita da amalanke layi ɗaya za su bi.

Daga ƙarshe bai sayi wannan ba. Shi da Alhaji suka haɗa kuɗi suka ɗauki Hilux mai baya buɗe, mai shan gazuwal. Ranakun aiki tana hannun yaron Alhaji, tana kwaso buhunan albasa daga fadamu zuwa bakin kwalta inda manyan motoci ke lodi, abin da ta samo shi ke sayen manta da tayarta. Juma'a da yamma a wanke ta a kawo masa makulli. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, wansa ya karɓa: daga farkon damina har kaka, motar a Madawa take kwana, tanki cike.

Uwargidansa ba ta ji daɗi ba, ita mota mai kujeru ta so, wadda za a je biki da ita. Abokan aikinsa kuma suna yi masa ba'a cewa mai mota ne na kwana biyu, domin har yanzu a kan babur yake zuwa aiki, jakar takardu ɗaure a baya. Ran Asabar ta farko da ya tuƙa ta zuwa gida, mutum tara ya sauke a ƙofar tsohuwa, da buhun gishiri biyu da ragon wani maƙwabci.