Rakiyar Baffa Daga Katsina Zuwa Kano

Tun ina yaro da sitiyari na san Baffa. Ƙanin mahaifina ne, kuma da wuya a ambaci gari tsakanin Jibiya da Legas da bai kwana a cikinsa da babbar mota ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a daminar bara, hannun dama da ƙafar dama suka saki, baki kuma ya ɗaure. Ƙafa ta dawo har yana takawa da sanda, hannu ma ya ɗan motsa, magana ce ta ƙi. Mutumin da in ya ɗauko labarin hanya sai kiran sallah ke raba shi da masu saurare, ya koma bai iya cewa a ba shi ruwa. Likitansa a Katsina ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Kano inda ake da masu koyar da magana, aka ɗora mini rakiya.

Da sassafe muka isa tasha. Ɗan kamasho ya tare mu da fara'a, ya ce, "Baba, ina zuwa?" Baffa ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da harshe, can ya ce, "To, madalla." Aka sake tambaya, ya sake cewa, "To, madalla." Kalmomin da ciwon ya bar masa a kusa ke nan, da su yake gaisuwa, da su yake ƙorafi. Sai ɗan kamashon ya matso dab da kunnensa ya kwarma ihu, a zatonsa kurma ne. Baffa yana jin faɗuwar allura. Na ga yadda ya runtse ido ya kawar da kai.

Na biya kuɗin mutum biyu a kujerar gaba don ya sake, ni na zauna a bayansa. Kafin mu kai Charanchi an kafa majalisa a kansa. Wata dattijuwa ta rantse iska ce ta buge shi, ta kwatanta mini gidan wani mai magani. Wani ya ce ai irin wannan hankali ne ke gushewa, sai haƙuri. Duk a gabansa ake yi, ana cewa "shi", ana cewa "bawan Allah", shi kuwa yana fahimtar kusan duk abin da ake faɗa. Ina kallon hannunsa na hagu yana matse kan sanda. Ban ga mugu a cikin motar nan ba, kowa tausayi ne ya sa shi magana, amma tausayin da ake yi wa mutum a kan idonsa kamar ba ya wurin yana da ciwo.

A Kankiya direba ya tsaya sauke fasinja. Wata yarinya mai tallar gyaɗa ta turo faranti ta tagar dama, sai Baffa ya zabura ya kai hannu, gyaɗa ta watse a ƙasa. Yarinya ta fashe da kuka, na biya ta, mutane suka fara kallon tsohon da wani ido. Bai gan ta ba sai da farantin ya taɓa shi. Idanunsa lafiya lau suke, ɓarnar tana cikin ƙwaƙwalwa. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, shi ke karɓar duk abin da idanu biyu suka hango ta dama, kuma a wurin mafi yawan mutane nan ne mazaunin magana. Jini ya yanke wa wannan ɓarin, shi ya sa hannu da gani da baki suka tafi tare.

Bayan Gidan Mutum Ɗaya ne ya ba kowa mamaki. Direba ya saki mota, sai Baffa ya dafa masa hannu, ya yi masa alamar ya rage gudu. Ba a jima ba sai ga kwana, da wata tirela a fake a bakinta. Direba ya waigo ya ce, "Baba tsohon hannu ne ke nan?" Na ce ya fi shekarunka a kan titi. Daga nan salon maganar motar ya sauya, direba ya koma ce masa "Oga", yana ba shi labarin tsadar mai, Baffa yana gyaɗa kai. Da muka shigo Tsanyawa ya nuna gari da yatsa ya ce, "Funtuwa," ya girgiza kai da takaici, ya sake gwadawa, Funtuwar ta sake fitowa. Ya san inda yake sarai. Sunan ne in ya miƙa hannu ya ɗauko sai wani ya biyo.

Kusa da Bichi muka tarar da shinge. Wani jami'i ya leƙo, ta dama kuma, ya ce, "Baba, yaya sunanka? Daga ina?" Shiru, don Baffa bai ma san da mutum a wurin ba. Da ya juyo ya gan shi sai ya ce, "To, madalla." Fuskar jami'in ta canza, ya ce ya sauko. Na yi maza na miƙa takardar asibiti, ya karanta, ya ba da haƙuri, muka wuce. Daga nan har Dawanau tunani ɗaya nake yi: da shi kaɗai ne fa? A wannan zamani na zargi, wanda aka tambaya sunansa ya kasa faɗa, kafin a gane lalura ce an ɗauke shi ɗan maye, ko mahaukaci, ko mai ɓoye wani abu.

Kano ta karɓe mu da hayaƙi da ƙarar adaidaita sahu. Sai mun tsallaka titi mai hannu biyu kafin mu samu abin hawa. Rabin farko motoci ta hagu suke zuwa, Baffa ya duba ya taka daidai. A rabi na biyu ta dama suke zuwa. Ya jefa sanda gaba hankali kwance, na fizgo rigarsa, wani mai babur ya wuce yana zagi. Tun daga nan na koma tafiya a damansa.

A layin jira na ga cewa namu da sauƙi. Kusa da mu wata mata ce ke ta zuba magana ba gargada, da murmushi da kaɗa hannu, amma ko jimla ɗaya ba ta haɗuwa, ita ma ba ta gane abin da ake ce mata. 'Yarta ta ce sai da suka gama yawon masu ruƙiyya kafin wani ya ce a auna jininta. Gaba kaɗan wani magidanci ne da gemu a gyare ta dama, ta hagu a barbaje. Nasa ciwon ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ya taɓa, bakinsa garau, amma duk abin da ke hagunsa ya fita daga lissafinsa. Matarsa ta ce rabin kwano yake ci ya ce abinci ya ƙare, sai ta juya masa kwanon. Kullum rigimarsu ɗaya, a ba shi makullin babur, domin shi a ganinsa lafiyarsa ƙalau. Wannan ya fi ba ni tsoro. Baffa ya san ya rasa wani abu, ana iya koya masa waiwaye. Wanda bai san ya rasa ba, ta ina za a fara?

Ma'aikaciyar da ta gan mu ba ta tambaye ni komai ba da farko. Ta ja kujera ta zauna ta hagunsa, ta gaishe shi da "Alhaji", tana tambaya ɗaya ta jira. Ta nuna masa hoton kofi, ya kasa faɗa, amma ya kai hannu baki ya nuna sha. Ta ce ya ƙirga, ya tafi tiryan-tiryan har goma. Ta ce da ni, shago ne cike da kaya, makulli ya ɓace. Ta ce kusan ɗaya cikin uku na waɗanda wannan ciwo ya kama suna samun matsalar magana, kuma likitoci sun daɗe da saninta. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya yi bayanin majinyacin da "tan" kaɗai yake iya furtawa alhali yana fahimta, da ya rasu aka ga tabo a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana irin ta matar da muka gani a layi. Ta gargaɗe ni cewa "eh" da "a'a" ma suna iya musanya a bakinsa, don haka a kan magani ko ciwo kada a tsaya ga amsar baki, a sa shi ya nuna da hannu. Ta kuma ja mini kunne kan maganin hawan jini. Babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo wannan ciwo.

A masallacin asibiti muka yi Azahar. Bayan an idar na ji shi yana karanta Fatiha a hankali, daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe. Abin da harshe ya haddace ya saba da shi yakan tsira ko da sauran magana ta tafi, kuma da irinsa masu koyarwar ke fara jan zare. Wani da ke gefe ya ce, "Ka ga, ai yana magana in ya so." Da so ne, da tuni ya cika masallacin da labari.

Kafin mu kamo hanyar gida na tsaya wurin masu kwamfuta aka buga mini ƙaramin kati aka liƙe shi da leda. An rubuta sunansa, da unguwarsu, da lambar waya biyu, da cewa yana ji yana fahimta, ciwo ne ya hana shi magana, a yi masa tambaya ɗaya a jira, a tsaya ta hagunsa. A shingen farko na dawowa shi ya ciro shi da kansa ya miƙa. Mai karatu, in akwai irin Baffa a gidanku, kada ya ƙara fita ƙofar gida babu wannan kati a aljihunsa.