A Gonakin Haskap na Saskatchewan

Hanya mai lamba 11 da ta tashi daga Saskatoon ta nufi Prince Albert miƙaƙƙiya ce, kusan kilomita 140, ba tudu ba gangare, sai gonakin kanola da suka fara fure rawaya hagu da dama. A farkon Yuli na bi ta, lokacin da rana ba ta faɗuwa a wannan yanki na Kanada sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare. Wanda ya ga irin koren da ƙasar ta yi zai yi wuya ya yarda cewa a Janairu sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili a nan. Wani ɗan itace da ke jure wannan sanyi ne ya kai ni, wanda ake kira haskap.

Sunan daga harshen Ainu ne, mutanen asali na tsibirin Hokkaido a Japan, masana kuma suna ce masa Lonicera caerulea. Itacen gajere ne mai rassa da yawa, da ƙyar yake kai tsayin mutum. 'Ya'yansa shuɗi ne mai duhu da ɗan farin gari a fata, kamar ɗinyar da aka ja ta yi tsawo, sai dai babu ƙwallo a ciki. Yana da dangi da ake shukawa don ado, masu jajayen 'ya'ya, waɗanda ba a ci. Wannan shuɗin kaɗai ake nomawa don abinci.

Kafin in kama hanya na bi ta gefen gonakin gwaji na Jami'ar Saskatchewan, domin daga nan yawancin irin da ake shukawa a Kanada ya fito. Rashawa ne suka fara aikin inganta irin haskap tun shekarun 1950, kuma har yau ana ambaton cibiyar Lisavenko da ke Barnaul da tashar Bakchar ta lardin Tomsk idan ana maganar irin Saiberiya. Japanawa suna da nasu a wajen Tomakomai da Atsuma. Abin da Dakta Bob Bors da abokan aikinsa suka yi a Saskatoon shi ne haɗa jinin Rasha da na Japan da na tsibiran Kuril, suna zaɓen wanda ya fi. A 2007 suka fitar da Borealis da Tundra, daga baya sauran suka biyo.

Gonar da na sauka tana gefen wata hanyar tsakuwa, irin wadda mai saye ke shiga da bokiti ya tsinka da kansa a auna masa. Mai gonar dattijuwa ce, yatsunta sun rine sun yi shunayya har cikin farce. Daga nesa ban ga ɗan itace ko ɗaya ba, ganye ne kawai. Sai da ta sa hannu ta ɗaga reshe, sannan na ga 'ya'yan rataye a ƙarƙashi, cunkus. Ta tsinko biyu masu launi ɗaya ta tsaga su da farce. Cikin ɗaya kore ne, na biyun ja ne mai duhu har yana ɗiga. Na farkon ya kama mini baki da tsami, na biyun zaƙi ne da ɗan tsami a ƙarshe. Haskap yana yin shuɗi a waje tun bai nuna ba, kuma da yawa daga masu cewa ba shi da daɗi sun tsinke shi ne da wuri.

Tambayar da na zo da ita ita ce wane iri ya fi jure sanyi. Ta ce wannan ba ta cikin abin da ke hana ta barci. Itacen yana tsallake hunturun da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili, furensa ma, wanda ke buɗewa a Mayu tun raɓa tana daskarewa da asuba, yana jure har digiri 7 ƙasa da sifili. Abin da ke sa mutum ya shuka ya tashi a tutar babu, in ji ta, shi ne rashin abokin barbara.

A nan muka daɗe, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Haskap ba ya ɗaukar ƙurar furen kansa. Ko ka shuka ɗari, in iri ɗaya ne, ganye za ka samu da 'ya'ya tsiraru. Dole a haɗa iri biyu, kuma ba kowane biyu ba. Sharaɗi na farko, kada su zama 'yan uwa na kusa. Borealis da Tundra da jerin Indigo duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, saboda haka ba sa yi wa juna amfani yadda ya kamata. Shi ya sa jami'ar ta fitar da Honey Bee, sannan Aurora, waɗanda jininsu daban ne. Sharaɗi na biyu, furensu ya buɗe lokaci guda. Wanda ya haɗa irin Rasha mai saurin fure da irin Japan mai jinkiri, na farkon zai gama zubar da furensa kafin na biyun ya farka. Cikin wani jerin iri da ake kira Boreal ma haka ne: Blizzard yana riga Beauty fure, sai aka kawo Beast wanda lokacinsa ke haɗuwa da na kowannensu. Masu ɗaukar ƙurar kuwa galibi manyan ƙudan zuman daji ne masu gashi a jiki, don su ne ke fita aiki a sanyin da ƙudan amya ke laɓewa.

Muka bi layi-layi ina ɗanɗanawa. Tundra fatarsa da ƙarfi, ba ya fashewa a hannu, abin da ya sa masu girbi da inji suka so shi tun farko. Borealis ya fi taushi, yana riƙe reshe, in ka ja shi sai ya zubar da ruwa ta gindi. Na lambun bayan gida ne. Indigo Gem yana bayar da yawa, amma farin fumfuna yakan kama ganyensa bayan girbi. Honey Bee tsami ne da shi, ya fi dacewa da abin sha. Aurora ne ya tsaya mini a rai: itacen a miƙe yake, ɗan ya fi girma, zaƙinsa ya rinjayi tsaminsa. Da ni ne mai ɗan fili a bayan gida a Saskatoon ko Edmonton, kamar 'yan uwanmu da suka yi ƙaura can, da Aurora zan fara, in haɗa shi da Borealis ko Honey Bee. Layin Boreal bai nuna ba tukuna ranar da na je. Blizzard, wanda ɗansa ɗaya kan kusanci giram 3, sai tsakiyar Yuli, Beauty kuma yana iya kaiwa ƙarshen wata. Mai gonar ta shuka masu sauri da masu jinkiri ne da gangan, don girbi ya bazu kada ya zo mata rana ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa ɗumi ya fi sanyi haɗari ga wasu irin. Na Saiberiya sun saba da hunturun da idan ya kama ba ya saki. A wurin da sanyi ke sassautawa kwana kaɗan a tsakiyar hunturu, sai itacen ya ɗauka bazara ta zo, ya fara toho ko fure tun babu ƙudan da za su zo, sanyi ya dawo ya lalata aikin. Saboda haka ne wata mai aikin inganta iri, Maxine Thompson, a jihar Oregon ta Amurka, ta karkata ga irin Hokkaido masu nauyin barci, ta fitar da irinsu Keiko da Tana da Solo. Mai gona kusa da teku ya nemi waɗannan. Wanda ke tsakiyar nahiya, inda hunturu ke da tsawo damina kuma gajeriya, irin Saskatoon da na Rasha ne nasa, sai dai ya tambaya tukuna, don wasu tsofaffin irin Rasha suna da ɗaci, wasu kuma suna zubar da 'ya'ya ƙasa da zarar sun nuna. A ƙasarmu dai babu batun shuka shi. Itace ne da ba ya fure sai ya sha dogon sanyi.

Da yamma na taya ta da jikanta jan raga a kan wani layi. Akwai wasu tsuntsaye masu tukku, bakin wutsiyarsu rawaya, da ke saukowa garke guda, kuma suna iya share layi kafin mai gona ya ankara. Tun da haskap ke nuna kafin yawancin kayan marmarin yankin, shi suke fara samu. Ana ɗaure ragar har ƙasa, a danne gefenta, don suna shiga ta ƙarƙashi. Sabon dashe, wanda ake sawa tazarar kusan mita ɗaya, ba ya buƙatar raga tukuna, domin sai a shekara ta uku ko ta huɗu yake fara ba da abin kirki.

Abin da aka tsinka ranar ba a bar shi ya kwana a waje ba. Fatar haskap siririya ce, ba ya jure doguwar tafiya ɗanye, shi ya sa ba kasafai ake ganinsa a manyan kantuna ba. Jikan ya shimfiɗa 'ya'yan a faffaɗan faranti, ɗaya ba ya hawa kan ɗaya, ya jera su cikin firiza. Da safe za a juye su a buhunan leda a kai wa masu yin jam da abin sha a Saskatoon.