Ranar Da Sunan Marubuciya Ya Ɓace Daga Kan Labarinta



Da ƙungiyarmu ta yanke shawarar buɗe shafin intanet don gajerun labaran mambobi, ni aka ɗora wa aikin, tunda diflomata ta kwamfuta ce. Na gina shi da Flask, wanda ke tsara shafukansa da Jinja, dukansu ƙirar Armin Ronacher.

Tsarin irin na gado ne. Akwai uwar shafi guda ɗaya mai ɗauke da kai da jerin maɓallai, sai ta bar gurbi a tsakiya. Kowane labari ɗa ne da ke zuwa ya cike gurbin. In ka gyara uwa sau ɗaya, 'ya'ya duka sun gyaru.

Ranar da muka saki labarin farko, marubuciyar ta tura adireshinsa a Facebook. Sunan ƙungiya kaɗai ya fito a ƙarƙashin hoton, babu sunan labarin, babu nata. Sai ga kiranta: "Malam, wata uku na yi ina rubutun nan. Ina sunana?" Na rasa bakin magana.

Sai da na kwana a kai na gano kuskurena. Facebook yana ɗauko take ne daga wani layi mai suna og:title, wanda ke can a kan shafi, wato a jikin uwa. Ni kuwa na ajiye sunanta da umarnin set a cikin gurbin ɗa. A Jinja, abin da aka ajiye cikin gurbi nan yake tsayawa. Da uwa ta nema ba ta samu ba, sai ta ɗauki sunan ƙungiya da na bar mata na ko-ta-kwana.

Gyaran layi ɗaya ne. Na fitar da shi daga gurbin, na mai da shi sama, dab da layin extends. Jinja tana aiwatar da abin da aka ajiye a nan kafin ta karanta uwa, don haka sunan ya isa kai. Amma Facebook yana riƙe tsohon bayani, sai da na sa adireshin a Sharing Debugger ya sake ɗauko sabo.

Mutanen da suka ga labarin a daren farko ba su san mai shi ba, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Na ba ta haƙuri, ta yafe.

Duk wanda aka ɗora wa labari a shafi, kafin ya yaɗa, ya fara tura wa kansa adireshin ya duba ko sunansa ya fito.

Allah ya ƙara mana basira.